Labarin Jar Alkama

Ran da ruwan shuka ya sauka bana, muka fita da 'yan aji shida zuwa gonar makaranta, kowa da sungumi ko 'yar ƙwarya a hannu. Da muka isa bakin gona muka kwance buhun irin masara da aka sayo mana a kasuwa, sai ga ƙwayoyi jajaye wur, sai ka ce an tsoma su cikin garura. Yara suka kewaye buhu suna kallo. Can sai wani ɗan ƙarami daga cikinsu, wanda ba ya rasa tambaya, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in an wanke jan nan sarai da ruwa, ba a iya niƙa ta a yi tuwo?"

'Yan'uwansa suka bushe da dariya. Mu ma muka yi murmushi, muka ce masa ba a ci, kana muka ba da umurni a fara shuka. Amma har muka koma gida tambayar nan ba ta bar zuciyarmu ba, gama mun yanke wa yaron hukunci ba mu ba shi dalili ba, kuma mun san halin yaro: abin da aka hana shi ba dalili, ran da ba kowa sai ya gwada. In kuwa za mu faɗi gaskiya, ba mu da bakin yi masa dariya. Sa'ad da mu ke kamarsa, mu kan bi mahaifinmu shukar gyaɗa, yana sara muna jefawa, ɗaya rami ɗaya baki. Shekarar da aka fara kawo irin da aka yi wa magani, ba mu daina ba, sai dai mu goge ƙwayar a gefen riga kafin mu jefa ta baki. Ranar da ya kama mu mun sha bulala, da dare kuma muka sha murɗar ciki. Allah ya sa maganin ba irin wanda za mu ba ku labarinsa yanzu ba ne, da watakila wani ne ke koya muku lissafi yau.

To, ga amsar da ta kamata mu ba yaron nan tun a bakin gona. Doguwa ce, sai ku yi haƙuri, don sai mun kai ku har ƙasar Iraƙi kafin mu komo.

Da fari, me ya sa a ke yi wa iri magani? Duk ɗan manomi ya san burtuntuna. Ka ga zangarniyar dawa ta fito kyakkyawa, ka taɓa ta, sai baƙin gari ya zubo maimakon ƙwaya. Baƙin garin nan shi ne irin cutar. Ya kan manne a jikin ƙwaya mai lafiya wajen sussuka, ya kwana tare da ita cikin rumbu, a shuka su rami ɗaya, su tsiro tare. Alkama da sha'ir su ma suna da irin tasu burtuntuna, kuma ta daɗe tana cinye wahalar manoma a ƙasashen da alkama ce tuwonsu. Saboda haka masana suka yi ta neman abin da za a shafa wa ƙwaya ya kashe cutar, ya bar ƙwayar da ranta.

Wajen lokacin da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi, sai Jamusawa suka fito da wani magani mai suna Uspulun, wanda aka harhaɗa da zaiba. Zaiba kuwa kun san ta, ita ce farin ƙarfen nan mai gudu kamar ruwa da ke cikin tsohon ma'aunin zafin jiki na likita, wadda in ta zube ƙasa sai ta warwatse ƙwallo ƙwallo, ba ta kamuwa. Nauyinta ya ninka na ruwa fiye da sau goma sha uku. Bayan Uspulun aka yi waɗansu, kamar Ceresan da Panogen, suka bazu cikin duniya, manoma kuwa suka yi murna da su, don sun yi aiki ƙwarai. Ɗan kaɗan ya isa buhu guda. Waɗansu daga cikinsu ma suna da wata dabara: in an ɗaure buhu, sai maganin ya riƙa tashi kamar tururi a hankali, ya bi tsakanin ƙwayoyi, har ya kai ga wadda bai taɓa ba wajen cakuɗawa. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Cikin waɗannan magunguna zaibar ba ta nan da kamanninta na farin ƙarfe. An ɗaura ta ne da waɗansu sinadarai har ta zama wani abu dabam. Mafi muni cikin danginsu shi ne wanda masana ke kira metilmakuri, mu kuwa a nan sai mu ce masa gubar zaiba. Bambancinsu da zaibar ma'auni babba ne. Ita wancan, tururinta ne babban haɗarinta, in an haɗiye ta kuwa kaɗan ne ke shiga jini. Amma gubar zaiba, in mutum ya ci ta cikin abinci, kusan dukanta hanji ke tsotsewa. Ga ƙwaƙwalwa kuma Allah ya yi mata shinge, ba kowane abin da ke yawo cikin jini ke samun shiga wurinta ba, amma wannan guba ta san ƙofa. Haka kuma ta ke ratsa mahaifa ta isa ga ɗan da ke ciki.

Kada ku zaci ba a san wannan ba sai daga baya. Tun 1940 wani likita na London, Donald Hunter, shi da abokan aikinsa, suka rubuta labarin mutum huɗu da suka kamu da ciwo saboda aiki da irin wannan magani a Ingila. Suka bayyana alamun ciwon ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya daga cikin mutanen nan ya rayu shekaru da nakasa, da ya mutu aka duba ƙwaƙwalwarsa, a 1954 Hunter da wata likita, Dorothy Russell, suka nuna wuraren da gubar ta cinye: sashen da ke daidaita tafiya da motsin gaɓoɓi, da sashen da ke karɓar abin da ido ya gani. A ƙasar Suwidin kuma mutane suka lura tsuntsaye masu tsintar ƙwaya a gonaki suna ta mutuwa, shaho da mikiya da ke cin su su ma suna bi, har a 1966 aka hana yi wa iri wannan magani a can. A 1969, a jihar Niyu Meziko ta Amurka, wani magidanci ya ciyar da aladunsa da sharar irin da aka yi wa magani, aka yanka ɗaya, iyali suka ci, 'ya'yansa uku suka nakasa, jaririn da ke ciki lokacin aka haife shi da cutar. Shekara mai biye Amurka ta fara janye maganin. Ita kanta Iraƙi ta ɗanɗana sau biyu, a 1956 da 1960, da wani ɗan'uwan wannan guba. Duk an rubuta, duk yana cikin littattafai. Sai dai manomin da za a miƙa wa buhu bai taɓa ganin littattafan ba.

Yanzu ku buɗe taswira ku nemi Iraƙi, ƙasar koguna biyu, Dijla da Furatu, inda birnin Bagadaza ya ke. Mutanen can da sanyi su ke shukar alkama, wajen watan Oktoba da Nuwamba, sa'ad da ruwansu ke sauka. Aka yi musu fari a 1969 da 1970, amfanin gona ya lalace, iri ya yi wuya. Sai hukumar ƙasar ta ƙudura sayo iri daga waje, mai kyau, mai yawan albarka. Aka sayo alkama daga Meziko, gajeriyar nan da aka samu ta hanyar aikin Norman Borlaug, wanda aka ba lambar girma ta Nobel a 1970 saboda ita. Sha'ir kuma daga Amurka. Alkamar ta yi tan 73,000 da 'yan kai, sha'ir tan 22,000 da 'yan kai. Ku ɗauki alli ku yi lissafi: in buhu kilo 50 ne, kusan buhu miliyan biyu ke nan. Niyya ce ta alheri, ba wanda zai ce ba haka ba. An yi wa irin magani da gubar zaiba, aka rina shi ja don a gane, aka yi rubutun gargaɗi a jikin buhunan.

Jiragen ruwa suka fara sauke kaya a tashar Basara cikin watan Satumba na 1971. Daga nan sai an ɗauka a mota zuwa larduna, mafi yawa can arewa wajen Mausil da Karkuk da Irbil, tafiya mai nisa. Aka yi ta samun jinkiri. Kafin buhunan su isa hannun manoma da yawa, lokacin shuka ya wuce, ko kuwa sun riga sun shuka ɗan abin da su ke da shi.

A nan mu ke so ku dakata, ku sa kanku a matsayin magidancin nan. Shekara biyu ba a yi albarka ba. Rumbu ya yi ƙasa, girbi kuwa sai bayan wata biyar ko shida. Ga buhun alkama a ɗaki, ƙwayoyi ƙosassu, ba su da aibi sai ja. A jikin buhun akwai rubutu, amma da harshen Sifaniya ne ko Ingilishi, shi kuwa Larabci ya ke ji ko Kurdanci, watakila ma ko da harshensa bai iya karatu ba. Akwai kuma zanen ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu gicciye. Ku da ku ka zo makaranta kun san ma'anarsa, don an gaya muku. Ba a haifi kowa da sanin haka ba. Mun taɓa zana shi a takarda muka nuna wa wata tsohuwa a unguwarmu, ta duba, ta juya takardar, ta ce, "Ɗan nan, wannan ba tallar maganin ciwon kai ba ce?"

Mun sha jin masu ba da wannan labari suna cewa jahilci ne ya kashe mutanen. Mu dai ba mu yarda da wannan magana yadda a ke faɗinta ba. Ku dubi abin da suka yi. Ba su buɗe buhu suka zuba a dutsen niƙa haka kawai ba. Suka yi shakka, kamar yadda mai hankali zai yi, suka jarraba.

Jarrabawa ta fari ita ce ta yaronmu na aji shida. Suka zuba ƙwaya cikin ruwa, suka cuɗa, ruwa ya yi ja, suka tsiyaye, suka sake, har alkama ta komo kamanninta. Wa zai ga haka bai ce magani ya fita ba? Ashe rinin dabam, gubar dabam. Rinin shaida ne kawai, kamar jan ƙyalle da a kan ɗaura a bakin rami. Gubar kuwa, kun tuna mun ce tana bin ƙwaya kamar tururi? Ta riga ta kama jikin ƙwayar, ruwa ba ya raba su. Abin da wanki ya yi shi ne ya cire shaidar, ya bar gubar. Daga ranar, ko mai ilimi ya zo ba zai iya bambanta wannan alkama da ta ci ba. Ba ta da ɗaci da zai sa a tofar, ba ta da warin da zai sa a ja baya, wutar tanderu ma ba ta kashe ta.

Jarrabawa ta biyu ta fi ta fari hikima. Suka watsa wa kaji, waɗansu suka ba tumaki, suka zuba ido. Kwana ɗaya, kwana uku, mako guda, kaji na kiwonsu, zakara na cara. Haka kakanninmu ke gwada abin da ba su amince da shi ba, kuma ga yawancin guba dabarar tana ci, don guba ta kan nuna kanta nan da nan. Wannan kuwa ba ta da gaggawa. Sai matan gida suka niƙa, suka kwaɓa, suka manna gurasa a tanderu, irin yadda a ke yi a Kano. Aka ci. Gari ya waye kowa lafiya. Aka sake ci. Maƙwabci ya zo ya tambaya, aka ce masa, ai mu mako biyu ke nan muna ci, ga mu. Shi ma ya je ya kwance nasa.

Likitocin da suka bi sawun abin daga baya sun tarar alamar farko ta kan bayyana ne tsakanin kwana 16 da 38. Waɗansu ma sun riga sun cinye alkamar, sun daina, kafin ciwo ya taso. Dalili shi ne jiki ba ya iya fitar da wannan guba sai a hankali ƙwarai. Sai an yi wajen kwana 65 zuwa 70 kafin rabin abin da ke cikin jini ya fita, a sake yin wannan adadi kafin rabin sauran ya fita, watau bayan wata bakwai har yanzu da sauran kashi ɗaya cikin takwas. Ku ɗauka randa ce mai 'yar ƙaramar huda, kullum ana zuba mata moɗa guda, tana ɗigar da cokali guda. Ranar fari ba a ganin kome. Wata rana sai ta cika. Yawan gubar kuwa abin mamaki ne don ƙanƙantarsa: cikin buhu mai kilo 50 duka ba ta kai rabin giram ba. An kimanta cewa in wajen miligiram 25 ya taru a jikin babban mutum alamu za su fara, in ya kai wajen 200, watau kashi ɗaya cikin biyar na giram, to, ana maganar mutuwa.

Ga yadda ciwon ke zuwa. Da fari mutum ya ji kan yatsunsa na hannu da na ƙafa da kewayen leɓɓansa sun yi mayamaya, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, amma ba ya warwarewa. Sa'an nan tafiya ta rikice, ya riƙa tangaɗi kamar wanda ya sha giya, ya kasa ɗaura maɓallin riga, ya kai loma ta kauce wa baki. Magana ta yi nauyi. Gani ya riƙa ƙuntata daga gefe, har ya zama kamar mai leƙe ta cikin kara, yana ganin abin da ke gabansa sosai, amma yaro ya tsaya a gefensa bai sani ba. Ji ya ragu. Waɗanda abin ya yi wa yawa suka makance, suka kurumce, suka sume, suka mutu. Ba mutum ɗaya ba kuwa cikin gida, gama tanderu ɗaya ke ciyar da kowa.

Ƙarshen Disamba na 1971 aka fara kawo marasa lafiya asibiti. Kafin Fabrairu na 1972 ɗaruruwa ke zuwa kowace rana. Mutanen birni suka tsira, don gurasarsu ta gidajen burodi ce, da garin da ba na wannan iri ba. Abin a ƙauye ya sauka. Hukuma ta yi shela a daina ci, ta ce duk wanda aka kama yana sayar da irin nan hukuncinsa kisa. Wannan tsanani ya haifi wata ɓarna da ba a zata ba. Mutane suka tsorata, kowa na so ya rabu da abin da ke ɗakinsa kafin a gan shi, sai suka riƙa zubarwa a bakin hanya da cikin magudanan ruwa da kogin Dijla, tsuntsaye da kifaye suka samu rabonsu.

A 1973 wani likitan Bagadaza, Farhan Bakir, tare da Thomas Clarkson na jami'ar Rochester a Amurka da waɗansu, suka buga lissafin: mutum 6,530 aka kwantar a asibiti, 459 suka mutu a can. Ku lura, a asibiti aka ce. Wanda ya mutu a ƙauye aka binne shi da yamma bai shiga wannan lissafi ba, shi ya sa masu bincike da yawa ke cewa adadin gaskiya ya fi haka nesa ba kusa ba. Likitoci sun gwada magunguna masu kama gubar su fitar da ita daga jini, sun kuwa rage ta, waɗanda abin bai yi wa nisa ba suka sami sauƙi. Amma inda ƙwaƙwalwa ta riga ta mutu, ba maganin da ya komo da ita.

Abin da ya fi tsaya mana a rai cikin labarin nan shi ne na jarirai. Gubar zaiba tana shiga gashi sa'ad da ya ke tsirowa, gashi kuwa ya kan ƙaru wajen santimita ɗaya a wata. Sai masana suka riƙa yankan dogon gashin uwaye, suna gutsuttsura shi suna aunawa, gutsure bayan gutsure, kamar mai karanta littafin ajiya: ga watan da ta fara ci, ga watan da abin ya kai ƙololuwa, ga watan da ta daina. Suka gwama da watannin cikinta. Sai aka tarar akwai uwayen da ba su ji kome ba, ko kuwa ɗan mayamayar yatsu kaɗai, amma 'ya'yansu suka yi jinkirin tafiya, suka yi jinkirin magana, waɗansu aka haife su da mummunar nakasa. Da irin wannan awo Hukumar Lafiya ta Duniya da waɗansu hukumomi suka yi aiki shekaru da yawa wajen ƙayyade yawan gubar da jiki zai iya ɗauka. Ilimi ne mai amfani, amma ku dubi kuɗin da aka biya.

Kada wani ya ce ai wannan can gabas ne. An yi irinsa a Pakistan a 1961, an yi a Gwatamala cikin shekarun nan, har likitoci suka zaci wata annobar ƙwaƙwalwa ce. Nan kusa da mu ma, a 1967, mutanen wani ƙauye a kudancin Gana suka ci masarar shuka da aka yi wa maganin zaiba, mutum 144 suka kwanta, 20 suka mutu.

Bayan abin da ya faru a Iraƙi ƙasashe suka yi ta hana waɗannan magunguna. A 2013 aka ƙulla yarjejeniya ta duniya a kan zaiba, aka sa mata sunan Minamata, wani gari na Japan inda a 1956 aka gano mutane na kamuwa da wannan ciwo ta hanyar cin kifin da ruwan wata masana'anta ya gurɓata. Ta fara aiki a 2017, Nijeriya na cikin waɗanda suka shiga, kuma ta sa 2020 ta zama ƙarshen yi da cinikin magungunan gona masu zaiba. Saboda haka jan da ke jikin masararmu ta makaranta ba shaidar zaiba ba ce, waɗansu magunguna ne na zamani, masu kashe funfuna da ƙwari. Amma su ma guba ne, ba a ci, ba a ba dabba, kuma su ma wanki ba ya mai da ƙwayarsu abinci. Har yanzu kuma yawancin rubutun da ke jikin ƙunshinsu da Ingilishi ne ko Faransanci, da ƙananan baƙaƙe, har yanzu kuma lokacin shuka shi ne lokacin da rumbu ke ƙasa. Waɗannan biyu ba su sake ba.

Zaiba kuma ba ta ruɓewa. Tsohon gwangwanin magani da aka manta a lungun wani sito tun zamanin kakanninku, gubarsa na nan. In kun ci karo da irinsa, ko takardarsa ta goge ko ba ta goge ba, kada ku buɗe don ku sansana. Kada ku jefa shi wuta, gama zaiba hayaƙi ta ke zama, mai tsaye kusa ya shaƙa. Kada ku zuba a rafi ko ku binne kusa da rijiya, kun dai ji abin da ya sami Dijla. Ku bar shi inda ya ke, ku hana ƙannenku zuwa wurin, ku gaya wa malamin gona.

Maganin yau kuwa, in za a yi wa iri a gidanku, a fita waje a yi, a ba iska baya, a rufe hanci da baki da ƙyalle, a sa safar hannu ta roba. Mun ga manoma da yawa suna cakuɗawa da hannu tsirara cikin ƙwaryar da za a dama fura da ita gobe, goro na baki. A ware masa mazubi nasa na har abada. A auna abin da za a shuka kaɗai a yi wa magani, don ragowar ita ce ke zama fitina: a ajiye ta a ɗaki, a manta, wata uku yunwa ta tuna da ita. Buhun da ya ɗauki jan iri kada ya sake ɗaukar hatsin ci. In an gama, sabulu da ruwa kafin hannu ya je baki. In kuma tsautsayi ya sa wani ya ci, a tafi asibiti da shi tare da ƙunshin maganin, kada a zauna jiran a ga ko zai yi ciwo. Kun ji inda jira ya kai mutanen Iraƙi.

Da yawa cikinku ku ne kaɗai masu karanta boko a gidajenku. Mun sani da kunya yaro ya ce wa mahaifinsa ga yadda za a yi, kuma ba mu ce ku je ku yi wa manya wa'azi ba. Ka durƙusa ka ce, "Baba, in karanta maka abin da aka rubuta a jiki?" Ba uban da zai ƙi wannan.

Kashegarin shukar, da muka shiga aji, muka ajiye lissafi muka ba su wannan labari, ko da ya ke ba da tsawonsa haka ba. Aji ya yi tsit. Da muka ƙare muka kira mai tambayar nan, muka ce masa tambayarsa ta fi dariyar da aka yi mata, muka ba shi takardar da ke jikin buhu ya juya ta da Hausa. Ya yi ta fama da ita har aka tashi tara. Sauran irin, wajen mudu biyu, na nan a sito, sai muka sa ya rubuta a jikin buhun da gawayi, da manyan baƙaƙe: GUBA NE. NA SHUKA NE. BA A CI KO AN WANKE. Wani daga cikinsu ya ce, "Malam, ai Baba mai gadi ba ya karanta boko." Sai ya karɓi gawayin ya sake rubutawa a ƙasa da ajami.

Da la'asar muna fitowa muka tarar da tsohon tsugune a ƙofar sito, yana bin rubutun da yatsa. Muka gaishe shi, ya amsa, bai ɗago ba sai da ya kai ƙarshe. Sa'an nan ya ce, "Malam, har da kaji?" Muka ce, "Har da kaji, Baba." Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "To, Allah ya kiyaye. Da ma yau na ke shirin roƙonka ragowar." Ya miƙe, ya jawo ƙofa, ya sa kwaɗo, ya miƙo mana mabuɗin.